Makullin Motar Makabarta

Masallacin unguwarmu a Agege yana da mota guda ɗaya, ƙaramar bas fara mai shan fetur. Wani mai fataucin shanu ne ya saye ta ya bayar sadaka, aka cire kujerun baya, aka shimfiɗa katako yadda makara za ta zauna daidai. Makabarta tana da ɗan nisa da mu, kuma titin Legas ba wurin da za a saɓa gawa a kafaɗa a ratsa tsakanin bas-bas ɗin haya da ake kira danfo da keke mai ƙafa uku ba ne. Saboda haka idan an yi rasuwa, a motar ake sa mamaci, ta tafi a hankali, waɗanda za su iya su bi ta a ƙafa, sauran su biyo a kan babura.

Tun ranar da aka kawo ta, mutum ɗaya ne yake tuƙa ta. Tsoho ne da ya yi zamani yana jan manyan motoci daga Arewa zuwa tashar jirgin ruwa, har ya gaji ya ajiye. Baba kowa yake ce masa. Ba a biyansa, shi ma bai taɓa nema ba. Makullin yana ɗaure da igiya a madaurin wandonsa, da shi yake salla, da shi yake kwana. Na taɓa ji yana gaya wa mai shayi cewa ya ɗauki kaya iri-iri a duniya, har da wanda ba zai so a tambaye shi a kansa ba, wannan aikin ne kawai yake fatan ya tarar a gaba.

Ni mai wayarin mota ne. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. A hannun wani Bayarabe na koyi aikin, kuma rumfata tana bakin layin dogo, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da burodi. Ina da hannu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ina da gaggawa, kuma bakina yana riga tunanina fita. Waɗannan biyun har yau ina fama da su.

A wata damina motar ta fara mutuwa a hanya. Ba kullum ba, kuma ba ko'ina ba. Sai an ɗauko gawa, ana tafiyar nan ta sannu, sai injin ya fara kakkarwa kamar mai jin sanyi, ya shaƙe, ya mutu. Baba ya murza makulli ta tashi, ya ɗan matsa, ta sake mutuwa. Karo na farko a gaban masu kayan miya abin ya faru, mutane suka tura. Karo na biyu dab da mararrabar layin dogo, da gawar wata dattijuwa a ciki, 'ya'yanta suna tsaye suna kallo, direbobin danfo a baya suna ta hon har sai da suka gane abin da ke cikin motar suka yi shiru.

Alhaji shugaban kwamitin masallaci ya sa aka kawo mini ita. Bayan kwana biyu da jana'izar ne, rana ta buɗe. Na jona na'urar da nake duba kwamfutar mota da ita, ta nuna cewa matsalar tana wajen bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi. Ga wanda bai san shi ba, wani ƙaramin ƙarfe ne a gefen inji, aikinsa ya ɗebo kaɗan daga hayaƙin salansa ya mayar cikin inji a sake ƙona shi. Idan mota tana gudu, yana buɗewa, injin ya haɗiye hayaƙin ba tare da ya ji ba. Idan tana tsaye ko tana tafiyar sannu, dole ya kasance a rufe. In ya buɗe a lokacin, kamar an tura wa mai numfashi da ƙyar hayaƙin murhu ne a hanci.

Na kwance shi. Ya cika da baƙin hayaƙi, kamar yadda duk suke cika. Na wanke shi da fetur, na ba shi wuta kai tsaye daga batir, ya buɗe ya rufe, ƙas ƙas, ba gardama. Na sa mitar auna wuta a wayoyinsa. Wadda ke kawo wuta tana kawowa. Wadda kwamfuta ke umartarsa da ita ba ta tsinke ba, ba ta taɓa jikin mota ba. Na leƙa cikin soket ɗin, wato bakin da wayoyin ke shiga, na ga ɗan kore-kore a ƙasansa, na hura na mayar. Robar da ya kamata ta toshe bakin ba ta nan, amma motocin da ake kawo mana daga waje rabinsu haka suke zuwa, ban ɗauke shi komai ba. Na ɗaura, na share abin da kwamfuta ta riƙe, na hau babban titi na taka ta sosai. Ta tafi kamar sabuwa. Na ce an gama.

A jana'iza ta gaba ta sake mutuwa.

Nan magana ta fara yawo. Wasu suka ce akwai gawar da mota ba ta son ɗauka. Ba a faɗa a fili, amma an faɗa, kuma iyalan mamatan sun ji. Wasu suka ce a'a, tsoho ne ƙafarsa ta daina jin kuloci, shi yake kashe ta. Aka sake kawo mini motar, wannan karon ma bayan an kwana biyu. Na maimaita duk abin da na yi a baya, na sami abin da na samu a baya. Har na ari wani bawul a wurin mai kayan gyara na gwada, babu bambanci. Raina ya ɓaci, domin maƙwabtana masu gareji sun fara tsokanata, Bayaraben da ke gyaran birki yana cewa oga rewaya, wato mai wayari, ko gawa ta fi ƙarfin mita ne.

Da la'asar Alhaji ya zo rumfata da kansa. Ya zauna a kan benci, ya ce in gaya masa gaskiya, motar ce ko direban. Mai faci yana nan, mai burodi tana nan. Abin da ya kamata in ce shi ne ban gano ba tukuna. Kalma ce mai sauƙi, amma a lokacin ta yi mini nauyi a baki.

Na ce, "Alhaji, a motar dai ban ga komai ba. Ita kuwa ƙafar tsufa ba ni da mitar da ke auna ta."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, kwamiti ya kira Baba gefe. Ban kasance a wurin ba, amma an ba ni labari. Sun yi masa godiya mai yawa, sun ce ya huta haka nan. Bai yi musu ba. Ya ɗaga rigarsa, ya kwance igiyar, ya daɗe yana fama da ƙullin saboda ya shekara bai kwance ba, ya miƙa. Aka ba wani magidanci mai jan danfo makullin, da sharaɗin duk lokacin da aka kira shi ya ajiye fasinja ya zo.

Motar kuwa ta daina mutuwa. Aka yi jana'iza, aka sake yi, lafiya lau. Alhaji ya tsaya a rumfata ya ce ashe na san aikina. Na karɓi yabon. Baba ya daina zama wurin mai shayi. Yana zuwa salla, ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya ɗauki takalmansa. Idan an yi rasuwa yakan yi sallar gawa ya koma gida, ba ya rakawa. Sau ɗaya muka haɗu a lungu, na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambayi iyalina. Da ya ɗaure mini fuska da ya fi mini sauƙi.

Sai amininsa ya rasu, wani tsohon mahauci da suka zo Legas a zamani ɗaya. Da hantsi aka sanar. Na rufe rumfa na tafi masallaci da wuri, ana can cikin gida ana yi wa mamacin wanka. A bayan masallaci, inda ake ajiye motar, na tarar da Baba da bokiti biyu da tsumma da garin sabulu. Ya roƙi sabon direban ya buɗe masa ita. Ya ce ba tuƙi zai yi ba, wankewa kawai, domin ba zai iya ganin an sa abokinsa a cikin wannan ƙurar ba. Direban ya buɗe masa ya tafi neman abin karyawa.

Na tsaya daga nesa ina kallo, kunya ta hana ni matsawa. Ya share ciki, ya goge katakon, ya wanke jiki da tayoyi. Sannan ya ɗaga bonet. Ya kwaɓa sabulu a bokiti ya bi kan injin da tsumma, lungu-lungu, ya ɗauki buta ya ɗauraye. Ladan, wanda ya zo wucewa, ya ce mini haka yake yi tun asali. Da an ce wane ya rasu, kafin a gama ɗinka likkafani ya wanke ta ciki da waje. Yakan ce wanda aka yi wa wanka aka sa masa farin ƙyalle, ba a ɗora shi a kan datti, ko da dattin da ba a gani ne.

Na ji maganar, na ga ruwan yana gangarawa ta gefen injin, amma hankalina bai haɗa su ba. Ina tunanin mamacin ne, da naman da yake ƙara mini a kan na kuɗina.

Aka yi salla, aka sa makara, sabon direba ya ja. Baba ya bi a ƙafa, hannunsa ɗaya a jikin motar. Ba mu kai ƙarshen layin masu burodi ba na ji injin ya canza murya. Na san wannan kakkarwar ko da ban taɓa jin ta da kunnena ba, domin an sha kwatanta mini. Ta shaƙe ta mutu. Direban ya tayar, ya ba ta wuta da ƙarfi, ta yi ƙara, ya saki, ta sake mutuwa. Mutum ne da yake wuni a cikin cunkoson gosulo da danfo cike da mutane, ba wanda zai ce ƙafarsa ba ta san kuloci ba. Ya leƙo ta taga yana zufa, ya rasa wa zai kalla.

Liman ya ce kada a tsayar da mamaci. Aka sauko da makarar aka saɓa. Muka ratsa titi da ita a kafaɗa, ana karɓa-karɓa, masu keke suna kaucewa, wata mai shago ta kashe waƙar da take ji. Baba ya karɓi gaba na dama ya ƙi saki har bakin kabari. Ina bayansa, ina ganin wuyansa yana rawa. A cikin wannan tafiyar ne abin ya zo mini. Duk ranar da ta mutu, ranar jana'iza ce, an wanke ta da safe. Duk ranar da aka kawo mini ita, ta bushe. Ni kuma ban taɓa tuƙa ta a hankali ba. Mota ce da duk aikinta tafiyar sannu ne, na riƙa gwada ta da gudu kamar ta 'yan fasinja.

Da aka dawo daga makabarta na nemi Alhaji, na ce a tura motar rumfata, kuma ina so shi da Baba da sabon direban su zo. Alhaji ya ce ba yau ba, ana zaman makoki. Na ce in ta kwana za ta warke, in ta warke kuma ba zan iya nuna masa komai ba. Ya dube ni, ya ce to.

Kafin su iso rana ta yi, injin ya sha iska, abin da nake gudu ya faru. Na tayar da ita, injin ya zauna a silo, yana juyawa a hankali tsaf, ba ko motsi. Na sa mita a wayar da kwamfuta ke buɗe bawul ɗin da ita. Na yi musu bayani yadda zan iya. Wuta tana zuwa wa bawul ɗin kullum muddin makulli yana kunne, amma ba za ta yi aiki ba sai ta sami hanyar komawa jikin mota. Kwamfuta ce ke ba ta wannan hanyar idan ta ga dama, ta hana idan ta ga dama. Yanzu ta hana, shi ya sa mitar ke nuna wutar a tsaye cak.

Na ce wa Baba ya kwaɓa mini sabulu kamar yadda yake yi. Bai tambayi dalili ba. Ya kwaɓa a butar alwalata. Na ce ya zuba inda ya saba zubawa.

Ya zuba. Da farko ba abin da ya faru. Sai lambar mita ta fara sauka, tana hawa tana sauka. Na ɗora yatsa a kan bawul ɗin na ji yana motsi a ƙarƙashin hannuna ba tare da an umarce shi ba. Injin ya fara kakkarwa, bonet yana rawa a kan sandarsa, ya ja numfashi biyu ya mutu. Babu kowa a kujerar direba.

Na zare soket ɗin na juya shi a tafin hannuna, ruwa mai kumfa ya ɗigo. Na nuna musu koren nan da na taɓa hurawa na mayar. Ya ci ƙasan soket ɗin ya yi gada tsakanin wayar umarni da wadda ke komawa jikin mota. A bushe, gadar ba ta wuce komai, mita ba ta ganin ta. Da ruwan sabulu ya jiƙa ta, sai wuta ta sami hanyarta ba da izinin kwamfuta ba, bawul ya buɗe, hayaƙi ya shaƙe injin. Da mota ce mai gudu, da zafi da iska sun busar da ruwan kafin a kai ko'ina.

Baba yana riƙe da butar. Ya dubi injin, ya dubi hannunsa.

Ya ce, "Ashe ba ƙafata ba ce. Hannuna ne."

Alhaji ya gyara hula, ya ce to ai ko ta ina aka bi, wurinsa maganar ta koma. Ban san da wace niyya ya faɗa ba, wataƙila neman mafita yake wa kwamitinsa. Amma na ga Baba ya sunkuyar da kai, na san yana lissafin mamatan da suka tsaya a titi, har da na yau. Na ce a'a. Na ce mota an yi ta ne ta sha ruwan sama da na kwata, kuma wannan soket ɗin yana da robar da ke tsare shi, ba ta nan. Sau biyu na buɗe shi na ga ba ta nan, na ga koren, na mayar. Wanda ya wanke mota ya yi abin da ya dace. Wanda aka kawo wa ita don ya duba, shi ne bai duba ba. Na ce kuma maganar da na yi a kan bencin nan ban yi ta da sani ba, na yi ta ne don kada a ce na kasa.

Mai burodi, wadda take jin Hausa fiye da yadda take nunawa, ta ce da Yarabanci ai ita tun ranar ba ta ji daɗin maganar ba. Ƙarya take, ta fi kowa dariya.

Na yanke tsohon soket ɗin na samo wani mai robarsa, na haɗa wayoyin da dalma, ba murɗawa kawai ba, na cika bayansa da giris, na yanko robar cikin taya na yi masa hula. Na sa Baba ya sake zubawa, buta guda cur. Injin bai ko girgiza ba. Sannan na hau, na zagaya unguwa da giya ɗaya, tafiyar mai rakiya, masu baburan okada suna zagina, har na dawo.

Sabon direban ne ya sauƙaƙa wa kowa. Ya ce shi dama kunyar Alhaji ce ta sa ya karɓa, kullum aka kira shi sai ya yi faɗa da kwandastansa, kuma yau ya ɗanɗana abin da tsoho ya sha, ya ishe shi. Ya ajiye makullin a kan benci. Alhaji ya ɗauka, ya juya shi a hannu, ya ce kwamiti ne ya karɓa, kwamiti ne ya kamata ya mayar. Sai kuma ya yi tsaki a hankali, ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce zai gaya musu.

Baba bai karɓa nan take ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Ɗana, zan iya ci gaba da wanke ta?"

"Wanke ta, Baba. Ciki da waje."

Ya karɓa. Ya laluba aljihu ya ciro igiyar nan, ashe tana tare da shi duk tsawon lokacin.

Da suka watse na bi shi har bakin lungunsu na ce ya yafe mini maganar ƙafar tsufa. Ina zaton bai san ni na yi ta ba. Ya ce tun daren ranar aka kai masa, har da yadda na karkata baki. Ya ce ya yafe, kuma ƙafar ai ta tsufa ɗin, ban yi ƙarya a nan ba. Sai ya ce akwai waɗanda suka fi shi cancanta in je wurinsu, 'ya'yan dattijuwar nan da aka ce mota ta ƙi uwarsu.

Na je. Babban ɗanta ya saurare ni a ƙofar shagonsa, na yi masa bayanin soket da ruwan sabulu, ina jin yadda maganar take da ƙanƙanta a bakina. Ya ce ya gode, shi dama ya san halin uwarsa. Amma ƙanwarsa ta riga ta daina zuwa unguwar, kuma ban san ko bayanin ya kai gare ta ba.

Baba yana nan yana tuƙi, ko da yake yanzu sai ya sa tabarau. Duk ranar da aka sanar da rasuwa nakan bi ta bayan masallaci kafin salla. Nakan same shi da bokitinsa, bonet a ɗage. Idan ya zo wurin bawul ɗin, yakan ɗora tafin hannunsa na hagu a kan hular robar ya rufe ta, sannan ya zuba ruwan da dama. Na gaya masa ba sai ya yi haka ba. Ya ce ya ji.